Faifan Kaka a Gindin Gada

Wata Asabar ce a ƙarshen watan Satumba, shekarar da na cika tara, ana irin yayyafin nan na London da ke jiƙa mutum sharkaf bai ankara ba. Muna zaune a kan dogayen bencina a Gindin Gada, mu yaran unguwa, kowa rigar ruwansa na ɗiga, warin garin katako da man keke ya cika wurin. Gindin Gada suna ne da mu Hausawan Deptford muka raɗa, saboda wurin yana cikin ɗaya daga cikin rumfunan bulo da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ɗakin ƙere-ƙere ne na jama'ar unguwa. Akwai zarto da guduma da kekunan ɗinki, akwai injin huda katako, akwai wasu tsofaffin kwamfutoci da sai an lallaɓa su suke tashi, kuma duk wanda ya ga dama yana iya shigowa ya gyara abinsa ko ya koyi wani abu. Idan jirgi ya bi ta sama, ƙusoshin da ke cikin gwangwani sai su kama rawa, mai magana kuma dole ya riƙe maganarsa har ya wuce.

Matar da ke kula da wurin, wata doguwar Baturiya mai furfura da ake kira Jackie, ta tsaya gaban farin allo da fensir a bayan kunne. Ta ce council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, ta amince a buɗe sababbin azuzuwa na ranar Asabar har zuwa ƙarshen sanyi, kuma ba ta son ta zauna ita kaɗai ta tsara mana, mu faɗi abin da muke so a koya. Ai kuwa wuri ya kaure. Wani ya ce roka, wata ta ce sabulu mai ƙamshi, wasu tagwaye suka ce gyaran keke domin nasu kullum a kwance yake. Aka ce gidan tsuntsu, aka ce fitila mai batir a cikin kwalba, aka ce rina riga. Ni kuwa na ce mutum-mutumi mai wanke kwanoni, don wanke-wanken gidanmu a kaina yake, kuma na tsane shi har cikin raina. Jackie ta rubuta duka ba ta yi dariya ba. Sannan ta juyo ta ce tana son wani abu daga gidajenmu, ko akwai wanda mahaifinsa ko kakarsa ta iya wata sana'ar hannu da za ta zo ta nuna. Nan take yayana Nura ya ɗaga hannu. Shekarunsa goma sha uku a lokacin, kuma a ganinsa duk London babu tafinta kamarsa. Ya miƙe ya ce kakarmu gwana ce wajen yin faifai, duk Zariya an san ta. Sai dai kalmar da ya zaɓa a Turancinsa mai santsi ita ce ta faifan waƙa, mai sheƙin nan da ake sawa a rediyo. Ni ma na gyaɗa kai da ƙarfi, domin iyakar abin da na sani ke nan.

Kada a ga laifinmu da yawa. A London aka haife mu, Hausarmu ta kicin ce da ta faɗa, ana yi mana magana da ita muna mayarwa da Turanci. A flat ɗinmu kuwa, in aka ce faifai, to na fim ɗin Hausa ne da Mama take aro a wajen ƙawayenta, ko na karatun Alƙur'ani da Baba yake sawa a mota. Akwai wani zagayayyen abu mai ja da kore da ke rataye a bangon kicin tun kafin in yi wayo, amma ban taɓa jin an kira sunansa ba, ado ne kawai kamar agogo. To kwanaki kaɗan kafin wannan Asabar, muna cin tuwo, muka ji Baba yana cewa, “Inna, ke da duk unguwa aka sani da faifai, amare har layi suke yi a ƙofarki, yau ke ce za ki ce ba ki da amfani?” Nura ya taka ni a ƙarƙashin tebur. Da muka shiga ɗaki ya ce da ma ya zargi hakan, muryar Kaka in tana kiran mutum daga falo ba ta banza ba ce, tsohuwar mawaƙiyar biki ce aka ɓoye mana.

Abin da ya sa Baba ya yi wannan magana shi ne Kaka ta ce tafiya za ta yi. Ta zo mana ne a watan Agusta, bayan ta fita takabar kakanmu. Baba ya kawo ta don a duba idonta ta kuma huta, yana fatan ta zauna har ƙarshen izinin da aka ba ta, wato har bayan sanyi, maimakon ta koma ta zauna ita kaɗai a gidan da babu Malam a ciki. Amma Kaka ta ƙi garin. Abinci an ce injin ne zai ɗumama, wanki injin ne, shara ma injin ne, kuma duk abin da ta taɓa sai Mama ta ce, “Bari Inna, ki huta.” Sai ta ja kujera bakin taga, a hawa na huɗu, tana kallon jiragen ƙasa da carbi a hannu. “Hutun nan naku ciwo ne,” in ji ta, “hannuna ya fara mantuwa.” Ta matsa har Baba ya yi mata booking na jirgin farkon Nuwamba, yana yi yana ɓata rai.

Ni ce na fi kowa shiga damuwa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana sai dai Ummi, ita kuwa Takwara take ce mini. Ɗaki ɗaya muke kwana. Kafin zuwanta, da makulli a wuya nake dawowa daga makaranta, in buɗe ƙofa in tarar da gida tsit, Baba yana asibiti wajen aiki, Mama tana aji, Nura yana ƙwallo. Da ta zo sai ya zama tun daga matakala nake jin ƙamshin ɗanwake ko wainar fulawa, in shiga ta kama kaina ta ce wane ne ya yi mini wannan kitso kamar an yi faɗa da kaza, ta tsefe ta sake. Tana yi tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, ina gane rabi ina cike rabi da kaina. Ba na son ta tafi, ko kaɗan ba na so. Na ji Baba yana faɗa wa Mama cewa da Inna za ta samu abin yi, da ta zauna. Saboda haka lokacin da Jackie ta rubuta sunan Kaka a allo, ta ce za a ba ta Asabar ta biyu a watan Oktoba, da gudu na iso gida har takalmina ɗaya na cika da ruwa.

Nura ne ya kai maganar, da Hausarsa mai ɗingishi. Kaka tana yi masa wasan jika, Maigida take kiransa, kullum tana cewa ya bar ta da yunwa bai ba da cefane ba. Ya ce, “Kaka, Turawa suna so ki koya su faifai.” Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Maigida, yau kuma da wace ƙaryar ka dawo? Turawan da suka ƙera jirgin sama su ne za su zauna ɗinkin faifai?” Muka rantse mata. Da Baba ya dawo aka faɗa masa, murna ta hana shi tambayar komai, ya ce ai mutanen nan suna son kayan gargajiya. Kowa ya ji kalma ɗaya, kowa ya tafi da abin da ke kansa. Kaka ta ce ita dai za ta je sau ɗaya don kada ta kunyata mu, amma kada wanda ya taɓa mata tikiti.

Sai dai tun daga daren nan kujerar taga ta rasa mai zama. Kaka ta ce a nemo mata kaba, Mama ta ce Inna ina za a ga goriba a Deptford. Muka bi kasuwar babban titi shago-shago, ni da su, Kaka tana taɓa kaya tana taɓe baki. A wajen mai sayar da furanni muka samu wani zare mai kama da busasshen ganye da suke ɗaure fure da shi, suna kiransa rafiya, har da mai launi. Ta ja shi da haƙori ta ce ba laifi, rago ne amma zai yi. A shagon wani Bayarabe ta sayi tsintsiya ta kwakwa har guda uku, a shagon masu ɗinki kuma aka samo manyan allurai da ta ce su ne basillar garin nan. Ta jiƙa tsintsiyar a bahon wanka, Nura ya rasa inda zai yi wanka ya tafi makaranta yana ƙunƙuni. A gaskiya a nan zuciyata ta fara raya mini wani abu. Na tambayi Nura me tsintsiya za ta yi a waƙa. Ya ce in rufe masa baki, kayan kiɗa ne, ana kaɗa ta a gaban makirfo ta ba da sauti, manyan mawaƙa duk haka suke da abubuwan mamaki. Na yarda, domin yarda ta fi mini daɗi. Ko da na ga tana zaune a kan darduma tana lanƙwasa tsinke yana karyewa tana tsaki, sai na ɗauka gyaran kayan kiɗan take yi.

Ranar ta zo. Kaka ta sha atamfa mai ruwan goro da babban mayafi, ta ɗora rigar sanyin Baba a kai, ta sa safa biyu. Ni na rungumi tsintsiya, Nura ya ɗauki jaka. Muna tura ƙofar Gindin Gada na ga abin da ban taɓa gani ba. An ture teburan aikin katako gefe, an kafa makirfo a tsakiya, an jawo kwamfuta da wasu manyan lasifika da aka aro, ga kwali cike da sababbin faifan CD a kan tebur. Wurin kuwa maƙil da samari da 'yan mata na kulob ɗin matasan unguwa, waɗanda ko kallonmu ba sa yi a hanya, kowa da abin jin waƙa rataye a wuya. Jackie ta gabatar da ita, aka ɗauki tafi har da fito. Kaka ta ji daɗi, na ga alama, ta ɗaga musu hannu kaɗan. Ta tambayi sunan matar, na faɗa mata. Ta ce, “A'uzubillahi, babbar mace da furfurarta? Ni ba zan kira ta jaki ba.” Ta sa na tambaye ta ranar da aka haife ta, Jackie ta ce ba ta sani ba, Kaka ta girgiza kai don tausayi ta ce to tunda ranar Asabar suka haɗu, ta zama Asabe.

Aka ja mata kujera gaban makirfo, ta ture shi gefe don ya tare mata haske, ta sauka ƙasa ta shimfiɗa ɗankwali ta miƙe ƙafa. Ta zaro tsinke ta kama aiki. Aka zuba mata ido, ana jira a ji ta fara rera wani abu. Jirgi ya wuce, wani ya sake wucewa. Wani yaro ya sunkuyar da makirfon kusa da tsintsiyar, ko sautin daga nan zai fito. Sai 'yan dariya ƙasa-ƙasa suka fara tashi daga baya. Akwai wata mata 'yar Ghana da muke kira Anti Fati, 'yar zango ce daga Kumasi, kullum tana can lungu a kan keken ɗinki. Ita ce ta taso ta leƙa, ta dubi abin da ke hannun Kaka, ta dubi kwalin da ke kan tebur, sai ta dafe ciki ta zauna a ƙasa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce da irin Hausarsu, “Hajiya, yaran nan ya ce kai mai waƙa ne. Mutane duka ya zo ya ji waƙa.”

Ban taɓa ganin fuskar Kaka ta yi haka ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Matar malami ce, ta yi shekaru ko guɗa ba a ji ta yi a bainar jama'a ba, yau ga ta zaune a ƙasa a tsakiyar 'ya'yan mutane an kafa mata makirfo. Ta ajiye allurar a hankali, ta ja mayafinta ta rufe har goshi, ta fara tattara zarenta. Ta ce da ni a hankali, “Takwara, miƙo mini takalmina.” A take na ga Nuwamba ta iso, na ga kaina da makulli a wuya. Kuka ya taho mini. Maimakon takalmi sai na ruga na ɗauko faifai ɗaya daga kwalin na durƙusa a gabanta, ina haɗa Hausa da Turanci da majina, ina cewa wallahi ba wasa muka yi da ita ba, wannan shi ne faifan da muka sani, ba mu san akwai wani ba.

Ta karɓa ta juya shi. Ta ga fuskarta a ciki, ta gyara zaman mayafinta. A lokacin Anti Fati ta riga ta yi wa Jackie bayani, Jackie kuwa ta yi jajir, ta zo ta tsuguna tana ba da haƙuri, ta kuma ga wani ƙaramin faifai da Kaka ta ɗinka tun a Zariya ya leƙo daga jaka, ta ɗauka tana shafawa tana tambayar yadda aka yi zanen ya juya haka. Kaka ba ta kula ta ba tukuna. Ta zura ɗan yatsanta a ramin tsakiyar faifan waƙar, ta ɗaga shi sama. Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Dariya ce, irin wadda ban ji ta yi ba tun zuwanta, har da hawaye. Ta ce, “Ashe 'ya'yan Bature na haifa ban sani ba. To ai shi ma zagayayye ne, ga shi har da cibiyarsa.”

Cibiya ita ce tsakiyar faifai inda ake farawa, kuma ita ce ta hana ta sakat duk kwanakin nan, domin tsinken kwakwa ba kamar ciyawar gida ba ne, in aka matsa masa lanƙwasa sai ya karye. Ta zura rafiya ta ramin, ta zagayo da ita ta baki, ta sake zurawa, haka haka har sheƙin ya ɓace ƙarƙashin ja da ɗorawa. Sannan ta kwantar da tsinke a gefensa ta fara ɗinke shi a jiki, ya bi da'irar lafiya lau bai karye ba. Ta ɗago ta ce da Anti Fati ta faɗa musu, wanda ya zo jin waƙa ga ƙofa nan Allah ya ba shi haƙuri, wanda zai zauna ya ɗauki faifai ɗaya ya sauko ƙasa. Fiye da rabi suka fice, wasu suna dariya, ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage suka zauna a kan kwalaye. Cikinsu akwai wani dogon yaro ɗan Jamaika da abin jin waƙarsa ya kusa rufe masa fuska, wanda ya zauna kawai don mahaifiyarsa ba za ta zo ɗaukarsa da wuri ba. Kaka ta sa masa suna Mai Kunnuwa. Kafin a tashi, layinsa ya fi na kowa miƙewa, ta ɗaga aikinsa ta nuna wa Nura ta ce in bai yi hankali ba, za ta sake miji.

A hanyar gida ba ta ce za ta koma ba, ba ta kuma ce ba za ta koma ba. Nura dai ya sha tsiya, har Baba sai da ya ajiye cokali don dariya. Amma ranar Alhamis sai ga tsintsiya a baho. Asabar ta gaba waɗanda suka zauna suka dawo, har da ƙarin wasu mata biyu da Anti Fati ta jawo da wani tsoho Bature mai gyaran agogo. Ni ce na zama tafinta, an sauke Nura. Duk kalmar da ban sani ba sai in tsaya in tambaya sau biyu, na daina cikewa da kaina. Kaka kuwa ba ta san lallashi ba a wajen aiki. In layi ya karkace sai ta karɓa ta warware shi tas ta miƙa wa mai shi, ko da Asabe ce. “Hannu ake ba shi, ba ƙarfi ba,” haka take cewa, ni kuma in rasa yadda zan juya shi da Turanci in ce ta ce a yi a hankali.

Ina lissafin kwanakin a zuciyata ban faɗa wa kowa ba. Ana saura 'yan kwanaki tafiyar, muna cin abincin dare, Baba ya gyara murya ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Inna, jirgin nan fa ranar Laraba ne. In akwai tsarabar da za a saya gara a fara.” Kaka ta ci gaba da cin tuwonta, ta sha ruwa, sannan ta ce, “Wace Larabar? Mai Kunnuwa bai kai bakin faifansa ba, Asabe kuwa har yanzu hannunta kamar na mai daka. In tafi in bar wa mutane aiki a buɗe, a ce haka matan Zariya suke? Ka ɗaga shi.” Baba ya ce to, ya sunkuyar da kai a kan kwanonsa, amma na ga murmushi a bakinsa. Ni kuwa na tashi na wanke kwanonin nan duka, har da tukunya, ba wanda ya sa ni. Farin cikin da na yi a daren nan har yau ban san da me zan gwada shi ba.

Sanyin shekarar ya yi tsanani, amma ni ban tuna shi da sanyi ba. Ajin Kaka ya haifi wasu. Da aka ga rafiya mai launi tana ƙarewa, sai aka yi Asabar guda ta rini, da ɓawon albasa da zoɓo da kurkur, muka koma gida hannuwa kamar an yi mana lalle a duhu. Tsohon mai agogo ya koya mana sa inji a bayan faifai ya zama agogon bango. Tagwayen nan suka samu ajin kekensu, Kaka ta zauna tana kallo tana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Ta ga bindigar gam ta ce kayan malalata ne, bayan mako biyu na kama ta tana liƙe silifas ɗinta da ita. Ranar da Jackie ta sa mata tabarau na kariya ta riƙe mata hannu ta huda katako da inji, sai da ta sa aka ɗauke ta hoto don a kai wa ƙanwarta a Tudun Wada. Mutum-mutumina mai wanke kwanoni ne kawai ba a taɓa waiwaya ba.

Ta tafi a watan Fabrairu, da izininta ya ƙare, da ƙiba a kumatunta da kyaututtukan ɗalibai cike da akwati. A filin jirgi ta ce mini wannan na kan faifan waƙa dabara ce ta baƙunta, in na zo Zariya za ta zaunar da ni da kaba ta gaske ta koya mini yadda ake fara cibiya daga babu. Mun je, har sau biyu. Amma zuwan hutu biki ne da gaishe-gaishe, yau gidan wannan gobe gidan wancan, kullum ana cewa gobe za a zauna har ranar komawa ta zo. Ina shekarar ƙarshe a sakandare Allah ya yi mata rasuwa.

Gindin Gada yanzu shagon shan kofi ne, jirgi yana wucewa kofuna suna rawa. Ɗakin ƙere-ƙeren ya koma wani gini mai haske a Lewisham, da injuna masu yanka da wuta da masu fitar da abu daga zane a kwamfuta, kuma ni ce nake tsayawa gaban allo ranar Asabar ina tambayar yara abin da suke so a koya. Har yanzu roka suke fara cewa. Duk shekara ina sa ajin faifai a cikin tsarin sanyi, ina bin shagunan gwanjo ina tsintar tsofaffin CD da ba mai so. Yaran yanzu ba su san ko ɗaya daga cikin faifan biyu ba, sai na yi bayanin wannan in yi bayanin wancan. A bara wata yarinya 'yar Dagenham, da ta gama nata, ta tambaye ni yadda mutane suke farawa a zamanin da, kafin a ƙera abin tsakiyar. Na ɗauki zare da allura, na juya su a hannuna, sannan na faɗa mata gaskiya cewa ban sani ba.

Daga gefe har baki babu abin da ban iya ba. Cibiyar ce Kaka ta tafi da ita.